Sati uku ina neman laftof ta ofis a Garwa

Ranar Laraba 12 ga Maris na 2025, cikin azumi, ina tsaka da haɗa lissafin watan Fabrairu aka ɗauke wuta, tsohuwar kwamfutar teburin ofishinmu ta ɗauke tare da ita kamar yadda ta saba. Da aka maido wutar bayan la'asar na danna maɓalli, shiru. Na sake dannawa, fankar ciki ta yi ɗan juyi ta tsaya. Ni ne akawun shagon kawuna a nan Garwa, arewacin Kamaru, siminti muke sayarwa da rodi da kwanon rufi, kuma duk wata kafin 15 sai na shigar da bayanin haraji ta intanet. Saura kwana uku. Allah Ya taimake ni ina kwashe fayilolina a filas duk Juma'a, don haka washegari na ƙarasa aikin a wani shagon buga takardu da ke kusa da mu, ina biyan kuɗin awa, 'yan makaranta na tsaye a kaina suna jiran in tashi. A kan kujerar nan na yanke cewa ni da kwamfutar da ba ta da batir mun raba gari. Duk mazaunin Garwa ya san halin bazara: ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, wuta ta koma ta rabo, zafi ya haura digiri 40. Laftof ce magani, amma wace iri? Sati uku cif na yi kafin in ajiye ta a kan tebur, kuma rabin wahalar rashin sani ne ya jawo min ita.

Ofishi na farko da takardata ta bi shi ne tabarmar Kawu, ranar Asabar bayan an sha ruwa. Na bari sai da ya gama da kunu ya miƙe ƙafa sannan na kawo maganar. Ya ce, "Ɗana, wancan injin shekara nawa ya yi?" Na ce tara. Ya ce, "To wanda za ka sayo shi ma ya yi tara." Ya ware sefa dubu 200, da sharaɗi ɗaya: in kawo faktir mai hatimi da lambar harajin mai shago, domin mai duba mana littattafai a ƙarshen shekara ba ya karɓar rasit ɗin da aka yaga daga littafin makaranta. A daren na zauna na rubuta abin da nake yi da kwamfuta a yini, kuma wannan ne kaɗai abin hankalin da na yi a makon farko. Fayil ɗin Excel na kaya da basussuka mai layi fiye da dubu 11, takardun Word da Faransanci, shafin haraji, WhatsApp a kan kwamfuta don masu kawo mana kaya daga Duwala, sai tsohuwar firinta mai waya. Ba na haɗa bidiyo, ba na wasa. Na ninke takardar na sa a aljihu, sannan na manta da ita da zarar na shiga kasuwa.

Ranar Litinin na hau moto zuwa wani babban shago mai gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, irin wanda mai azumi ke shiga ba ya son fita. Sababbi ne fil a kwali. Wadda aka nuna min a matsayin ta ofis ta gaske dubu 480 ce, kuma da na ce a rubuta min farashin a takarda sai yarinyar ta ɗora harajin TVA, kashi 19.25, kuɗi ya koma 572,400. Na ce a nuna min ta dubu 200. Aka ɗauko wata siririya, azurfa-azurfa, mai ƙyalli kamar tiren amarya. Na karanta jikin kwalin: Celeron, RAM (wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai) 4, ma'ajiya 64. Ban san ma'anar Celeron ba a lokacin, amma na san wayar da ke aljihuna ma'ajiyarta 128 ce, don haka na ce zan dawo. Daga can na gangara layin masu okaziyo, wato na hannu, waɗanda ake cewa daga Beljiyam ko Dubai ko Amurka aka kwaso su bayan kamfanoni sun sallame su. A shago na biyu wani saurayi ya tarbe ni da fara'a, ya ji kuɗina, ya ɗauko wata ya goge ta da gefen rigarsa, ya nuna min sitika a kusa da maɓallai. "Yallaɓai, i7 ce. Ka san ai i7 ita ce ƙarshe. Dubu 190, saboda azumi." Windows 11 na kanta, ta buɗe da sauri, jikinta babu ƙwarzane. Na taya 175, ya ce albarka, muka tsaya a 180. Abin da ya hana ni biya nan take shi ne kuɗin na cikin akwatin shago, ban fito da su ba. Na ɗauki hotonta gaba da baya na ce gobe da safe.

Da daddare na tura hotunan ga ƙanen wani abokina da ke gyaran kwamfuta a Yelwa, muna tsokanarsa da injiniya. Bai amsa da rubutu ba, kira ya yi. "Yaya, ka biya?" Na ce a'a. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ka biyo ta wurina kafin ka koma." Washegari na same shi a wata 'yar rumfa cike da gawarwakin kwamfutoci, ya share min benci. Ya buɗo hoton da na ɗauka na bayanin injin ya ce in karanta. Na karanta: i7-6600U. Ya ce, "i7 sarauta ce, amma akwai sarkin da aka tuɓe. Lambar da ke bin karan nan ita ce zamani. Wannan 6 ce, zamani na shida, ƙirar 2015." Ya jawo wata baƙa mara kyan gani daga ƙarƙashin tebur, ya danna Ctrl da Shift da Esc tare, ya nuna min i5-8350U. Wannan i5 ce, amma zamani na takwas. Ya ce abin da ake kira kor, wato masu aikin da ke cikin injin, biyu ne a waccan i7 ɗin, huɗu ne a wannan i5 ɗin. "Tirelar siminti ta iso. Lebura biyu ƙarfafa ko lebura huɗu, wa zai riga saukewa?" A nan kaina ya waye. Ya ƙara da cewa idan lambar ta fara da 10 ko 11 ko 12, kamar 10210U ko 1135G7, to lambobi biyun farko ne zamanin, kada in ga 1 a gaba in ɗauka ta farko ce.

Sai ya zo kan abin da ya fi damuna. A lokacin Microsoft ya riga ya sanar cewa daga 14 ga Oktoba na 2025 zai daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta, kuma Windows 11 a hukumance daga zamani na takwas na Intel yake farawa, tare da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Na ce ai na ga Windows 11 a kan waccan da idona. Ya yi dariya. Ya ce cusa shi ake yi ta bayan gida, yana aiki yau, amma babu mai ba ka tabbacin sabuntawar gobe za ta shiga. Ga wanda ke kallon fim ba komai ba ne, amma kwamfutar da ake shigar da haraji da bayanan banki a kanta ba a yi mata haka. Ya ce da kuɗina in manta da sabuwa, in nemi ta hannu daga jinsin da aka ƙera domin ofisoshi: ThinkPad jerin T na Lenovo, Latitude na Dell, ko EliteBook na HP, zamani na takwas zuwa sama, RAM aƙalla 8, ma'ajiya SSD, wato mai sauri wadda ba ta da faifai mai juyawa. Dalilinsa ba na ado ba ne. Waɗannan ana kwance su da sukudireba, kayan gyaransu na nan birjik daga Duwala har Yola, maƙallan murfinsu ƙarfe ne. Ya zuba min wata 'yar manhaja mai suna CrystalDiskInfo ta duba lafiyar ma'ajiya a filas, ya rubuta min wani umarni a bayan katin caji, ya nuna min yadda ake amfani da su sau biyu har na iya. Na miƙa masa dubu 2 ya ƙi karɓa, ya ce sai an sayo.

Na koma wurin saurayin, ba don in sayi waccan ba, don in ga ko yana da ta zamani na takwas. Fuskarsa ta ɗan canza da ya ji tambayar, "yallaɓai" ɗin ma ya ragu. Ya fito da ɗaya. Na kashe ta na kunna ina danna maɓallin shiga BIOS, wato saitin can cikin injin da ke zuwa kafin Windows ya buɗe, kamar yadda aka koya min: F1 a ThinkPad, F2 a Dell, F10 a HP. Sai ga hoton kwaɗo a fuskar, tana neman kalmar sirri. Na ce mece ce kalmar? Ya ce ba ta da amfani, ai Windows na buɗewa. Injiniya ya riga ya gargaɗe ni a kan wannan: kamfanin da ya mallake ta tun farko ne ya kulle, kuma ranar da za ka buƙaci canza wani abu a can ciki, ranar za ka gane haya kake yi ba mallaka ba. Na ajiye masa na fita. A kwanakin nan kuma wani ya sa ni a wani zauren WhatsApp na masu sayar da kwamfuta, na ga irin wadda nake nema a dubu 120, hotuna tsaf-tsaf, mai ita wai yana Duwala. Ya ce in tura rabi ta waya, ya sa ta a mota. Na ce ya kira ni ta bidiyo ya kifa ta in ga lambar jikinta. Ya ce yana masallaci. Bayan awa biyu ya ce kyamararsa ta lalace. Da na nace sai ya daina amsawa. Cinikin biri a sama ke nan, kuma ba zan ɓoye ba, sai da raina ya biya, domin dubu 80 ɗin da zan mayar wa Kawu na riga na hango yadda zai kalle ni.

Ranar Asabar 22 ga wata injiniya ya raka ni wurin wani dattijo da ya daɗe yana wannan sana'a, shagonsa ƙarami, babu gilashi babu fara'ar banza. Muka gaisa da Fulatanci, ciniki ya koma Hausa. Ba shi da ita a ƙasa, amma ya ce ɗan'uwansa zai sa masa ThinkPad T480 cikin kayan da ke tahowa daga Duwala, kwana huɗu. Dubu 185, kafin alƙalami dubu 50. A nan ne takardar da na ninke a aljihu ta yi rana. Na ce Baba, ina son a rubuta a rasit ɗin abin da na biya kuɗi a kai: T480, i5 zamani na takwas, RAM 8, SSD 256, fuska 1920 da 1080, BIOS a buɗe, kuma in ba haka ta zo ba a mayar min da kuɗina. Ya kalle ni ta saman tabarau. "Ɗana, fili kake saye?" Na ce kuɗin kawuna ne. Ya ce, "To ka yi gaskiya," ya rubuta, ya buga hatimi.

Kwana huɗu suka zama goma sha ɗaya. Ranar Laraba aka ce kaya na Yawunde suna jiran jirgin ƙasa. Ranar Juma'a aka ce sun sauka Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare, amma motocin da ke haurowa Garwa sun cika da kayan Sallah da masu tafiya gida. Sai Sallah ta shigo, kowa ya rufe. Ni kuwa na koma zamanin da, ina rubuta fitar siminti da biro a babban littafi, da daddare in zauna da kalkuleta. Kullum Kawu zai leƙo ya ce, "Malam akawu, ina injin naka?" Ranar da muka je gaisuwar Sallah ma sai da ya faɗa wa baƙi cewa na ba da dubu 50 an sayo min iska. Na yi dariya tare da su amma cikina ba daɗi. Abin da ya riƙe ni shi ne rasit ɗin nan da kuma sanin cewa dattijon yana da shago da ƙofa, ba lambar waya ba ce kawai. Wanda zai yi odar kaya daga kudu, ya dubi kalanda tukuna. Kusa da Sallah ko ƙarshen shekara, ya ninka kwanakin da aka faɗa masa sau uku.

Laraba 2 ga Afrilu aka kira ni. Muka je da injiniya da misalin ƙarfe goma, ba mu fito ba sai bayan azahar. Biyu ne suka zo, duka T480, kuma a nan na shiga tsaka mai wuya. Ɗaya maɓallanta AZERTY ne, irin na Faransa da muka saba da shi tun makaranta, ga é ga è ga ç kowanne a mazauninsa, amma fuskarta 1366 da 768 ce. Ɗayar fuskarta 1920 da 1080, maɓallanta kuwa QWERTY, da alama daga Amurka ko Ingila ta fito. Na sa filas ɗina na buɗe fayil ɗin basussuka a kan kowacce. A ta farko sai na yi ta jan shafi hagu da dama kafin in haɗa sunan mutum da ragowar bashinsa, kuma da na ɗan karkata kai sai launin ya wanke. A ta biyu sunan da kwanan wata da ragowar duk suka fito a fuska ɗaya. Injiniya ya ce, "Yaya, allon maɓallai na wannan ƙirar ƙusa biyu ke riƙe da shi, ko yaushe ka so a canza. Fuska kuwa tsada gare ta." Na ɗauki ta biyu.

Sannan muka shiga bincike, dattijon na zaune yana jan carbi bai ce uffan ba. F1 ta shiga BIOS babu kwaɗo, kuma lambar jiki da ke ciki ta yi daidai da wadda ke manne a ƙasanta. Na shigar da lambar a shafin Lenovo ta wayata, ya nuna ƙirar daidai, garantinta na asali ya fara a 2019. CrystalDiskInfo ya nuna SSD lafiya lau, ta yi aiki awa dubu 6 da 'yan kai. Na buɗe farar takarda ta cika fuska ina neman tabo, na buɗe baƙa ina neman ɗigon haske, babu. Na danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya a cikin Word. Na zura filas a kowace kafa, na gwada kyamara da lasifika, na haɗa ta da intanet ɗin wayata. Sai batir. Na buɗe baƙin akwatin umarni na rubuta abin da ke bayan katin cajin nan, powercfg /batteryreport, ya fitar da rahoto. T480 batir biyu gare ta, ɗaya a ciki, ɗaya a waje da ake zarewa da hannu ko da tana kunne. Rahoton na nuna ƙarfin da aka ƙera kowanne da shi da kuma abin da ya rage masa. Na ciki an ƙera shi da wajen 24,000, yana ɗaukar 19,000 da ɗoriya. Na waje shi ma wajen 24,000, amma abin da ya rage bai kai 10,000 ba. A kusurwar fuska kuwa alamar batir na cewa kashi 100, domin kashi 100 na abin da ya rage take nufi, kamar randar da ta tsage daga tsakiya a ce ta cika. Na juya fuskar na nuna wa dattijon. Ya sa tabarau ya duba, ya ce, "Batir ba a rubuta shi a takardarmu ba." Gaskiya ya faɗa, laifina ne. Amma ya rage dubu 10 da kansa, aka tsaya a 175.

Caja ce ta kusa wuce mu. Ina gwada wurin shafa yatsa sai na ga kibiyar na tsalle ita kaɗai, in na zare caja ta natsu, in na mayar ta haukace. Injiniya ya ɗaga cajar a tafin hannu ya ce, "Ji nauyinta, kamar kwalin ashana." Jabu ce, ba ta kamfanin ba. Dattijon ya kira yaronsa ya yi masa faɗa da Fulatanci, aka ɗauko ta asali mai wat 65, mai bakin USB-C, kibiya ta zauna lafiya. Wayarta mai baki uku ce irin ta Najeriya da Ingila, sai da na sayi mai baki biyu zagayayyu irin na bangonmu a dubu 1. Abu na ƙarshe, injiniya ya ce a goge komai a sake zuba Windows 11 a gabanmu tana haɗe da intanet, domin wasu kwamfutocin kamfanoni sai an zo nan suke fito da sunan tsohon kamfaninsu su ce sai ma'aikacinsa zai shiga. Wannan ya ci kusan awa guda. Ta wuce lafiya, lasisin Windows ma ya kama da kansa domin yana maƙale a cikin injin tun daga masana'anta. Aka rubuta faktir da sunan shagonmu, da lambar harajin dattijon, da lambar jikin kwamfutar. Garanti ya ce wata ɗaya, da baki. Na ce Baba, a ƙara layi ɗaya. Ya girgiza kai ya rubuta.

Gwaji na gaske a ofis aka yi shi, cikin zafin Afrilu, a ɗakin da rufinsa kwano ne. Daga danna maɓalli zuwa buɗe Excel bai kai minti ɗaya ba, alhali tsohuwar kan ba ni damar yin alwala in dawo. Firinta ta kama ba gardama, kuma na ji daɗin samun kafar wayar intanet da ta HDMI a jikinta, abin da siraran nan masu ƙyalli suka yar. Amma da na buɗe fayil ɗin kaya da WhatsApp da shafuka bakwai ko takwas, RAM ya haura kashi 85, ta fara ɗan jinkiri wajen sauya shafi. Da rana tsaka kuma fanka ta riƙa huci, gefen hagu ya yi zafin da ba ka son barin hannu a wurin. Batir ya riƙe awa biyu da kwata. Na mayar da ita Yelwa ranar Asabar. Injiniya ya kwance bayanta, ya zaro wani curin ƙura daga bakin fankar kamar audugar katifa, ya goge busasshen man da ke kan injin ya shafa sabo. Ya nuna min ramin RAM guda biyu, ɗaya babu komai, ya cusa 8 a dubu 15, ta koma 16. Ya samo min batirin waje na asali mai ƙarfin wajen 48,000, ninkin na farko, cirarre daga wata da fuskarta ta fashe, rahotonsa ya nuna kusan kashi 90, a dubu 25. Ladansa dubu 5, wannan karon ya karɓa. Na ƙara dubu 6 na sayi abin jona wuta mai kariya, saboda yadda wutarmu ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke. In ka haɗa da wayar caja, dubu 227 ke nan ban da kuɗin moto. Na haura kasafin Kawu da dubu 27, kuma sai da na bi masa su ɗaya bayan ɗaya da takarda.

Yanzu tana kai ni kusan awa shida a kan Excel in na rage hasken fuska, wato ɗauke wutar yini ba ya tsayar da ni sai dai in ya zarce dare. Tana da nata rauni. Lasifikarta ba ta da ƙarfi, in ana sauke rodi a waje ba na jin komai sai da abin kunne. Kyamararta dishi-dishi ce in ba a gaban taga kake ba. In na fita da ita rumfa da rana fuskar ba ta iya ja da hasken Garwa. Ba siririya ba ce, kuma babu wanda ya taɓa ganinta ya ce kai, wannan ta yi kyau. Maganar maɓallai kuwa, ban canza su ba har yau. Na sa tsarin da Windows ke kira na Amurka na ƙasa da ƙasa, inda kake danna alamar ɗauri (') sannan e ya ba ka é, ko alamar sannan c ya ba ka ç. Sati biyu na yi ina rubuta q a wurin a, sannan hannu ya saba. A cikin jerin ma na tarar da tsarin Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, da shi nake wannan rubutun. Akwai kuma manhajar kamfanin da ke tsayar da caji a kashi 80 don batir ya daɗe, amma ni a bazara ina barinsa ya cika, domin ban san lokacin da za a ɗauke ba.

Da zan sake, da wurin mai gyara zan fara kafin in taka kasuwa, domin shi ne ke ganin cikinsu bayan an saya, ya san wadda ke dawowa da wadda ba ta dawowa. Da na rubuta lafiyar batir da cajar asali a rasit ɗin kafin alƙalami tare da sauran, wannan mantuwar ita ta fi cin kuɗi. Da kuma na faɗa wa Kawu tun farko cewa kuɗin kwamfutar hannu ba shi ne wanda mai shago ya faɗa ba, sai ka ware wajen dubu 40 ko 50 na batir da RAM da wanki. Kuma duk wanda zai je, ya tafi da ainihin fayil ɗin da yake aiki da shi a filas, ya zauna awa biyu ba kunya. Mai shagon da ya hana ka gwaji ya riga ya ba ka amsa. Injiniya ya ce in riƙa kawo ta duk shekara bayan hunturu a busa mata ƙura, kuma kada in ɗora ta a kan buhu ko darduma inda za ta kasa shaƙar iska ta ƙasa.

Bayan wata guda injiniya ya zo ofis ya ga tsohuwar kwamfutar teburin a kusurwa an ɗora mata kwalin ƙusa. Ya ce bari ya duba. Akwatin wutarta ne kawai ya ƙone, ya canza shi a dubu 8, ta tashi garau da duk fayilolinta. Kawu na tsaye yana kallo. Ya dubi tsohuwar, ya dubi sabuwar, ya dube ni. "Wato ciwon dubu 8 ne ka yi wa maganin dubu 227?" Na ce Kawu, waccan in an ɗauke wuta mutuwa take yi. Ya ce, "Ni ma in an ɗauke wuta barci nake yi, ba a canza ni ba." Yaron shago ne ke buga rasit da ita yanzu.